Kamun kirafi a bazarar Amurka: ka biya jagora, ka yi hayar jirgi, ka sayi kayak ko ka tsaya bakin ruwa?

Duk shekara da sanyi ya fara ja da baya a Amurka, wajen ƙarshen Fabrairu zuwa Maris, sai ka ji 'yan'uwanmu na Houston da Dallas da Atlanta da Memphis sun fara tambaya iri ɗaya, wai suna son zuwa kamun crappie, kifin nan da zan riƙa rubutawa kirafi, amma sun rasa ta inda za su ɓullo wa abin. Wani abokin aikinsa ne ya nuna masa hoton kula cike da kifi, wani yara ne suka dame shi da a fita da su ƙarshen mako, wani kuma dama ɗan masunta ne tun gida, hannunsa ke ƙaiƙayi. To hanyoyin dai huɗu ne: ka biya jagora ya ɗauke ka a jirginsa, ka yi hayar jirgi ka tuƙa da kanka, ka sayi kayak, wato ɗan ƙaramin kwalekwalen roba da ake tuƙawa da filafili, ko ka tsaya a gaɓa da sandarka. Kowacce akwai wanda ta dace da shi, amma tun yanzu zan faɗa maka ra'ayina, wadda mutane suke ɗauka ita ce tsaka-tsaki wato hayar jirgi, ita ce ta fi cutar da sabon shiga.

Kafin mu shiga lissafi ya kamata ka san halin kifin, don duk zaɓin a kan halinsa yake tafiya. Kirafi iri biyu ne, fari da baƙi. Farin yana da zane-zane a tsaye a jikinsa da ƙaya 5 ko 6 a gadon baya, kuma ya fi jure ruwa mai laka, baƙin kuwa ɗige-ɗige ne barkatai da ƙaya 7 ko 8, ya fi son ruwa garau. A siffa ya yi kama da karfasa, faffaɗa ne mai sirantaka, sai dai namansa ya fi fari da laushi. Yawanci wanda za ka kama bai wuce rabin fam zuwa fam ɗaya ba, mai fam 2 babba ne, mai fam 3 kuwa sai an ɗau hoto. Farin da ya fi kowane girma da aka taɓa rubutawa fam 5 da oza 3 ne, Fred Bright ya kama shi a 1957 a Enid da ke Mississippi, baƙin kuma fam 5 da oza 7, a wani kududdufi a Tennessee a 2018.

Abin da ya sa ake rububin bazara shi ne, duk lokacin sanyi kifin yana can cikin zurfi a cure wuri ɗaya, da ruwa ya fara ɗumi ya kai digiri 55 a ma'aunin Amurka, wato kusan 13 a namu, sai ya fara matsowa bakin rafuka da lungunan tafki, in ya kai 60 zuwa 65 sai mazan su shigo ruwa marar zurfi, wani lokaci ƙafa 2 ko 3 kawai, su share gurbi kusa da kututture ko reshen da ya nutse ko duwatsun gaɓa, jikinsu ya yi baƙi ƙirin, matan su zo su saka ƙwai su koma, mazan su tsaya gadi. A kudancin Texas da Louisiana wannan na iya farawa tun Fabrairu ko farkon Maris, Mississippi da Alabama da Tennessee ƙarshen Maris zuwa Afrilu, su Illinois da New York sai Mayu. Kuma abin ba ya tafiya da kalanda, iskar sanyi ɗaya in ta sauko daga arewa ta kwana biyu, kifin da ke bakin gaɓa jiya yau ya koma ƙafa 10. Riƙe wannan maganar, ita ce ke raba wanda ya biya jagora da wanda ya tsaya a gaɓa.

Ma'aunin da zan auna su da shi

Na farko kuɗi, kuma ba kuɗin da aka rubuta a talla kaɗai ba, har da fetur da lasisi da tukuici da kwanan otal. Na biyu sauƙi, wato me kake buƙatar sani kafin ka fara. Na uku ɗorewa, abin da zai rage a hannunka bayan ranar ta wuce, kaya ne ko ilimi ko ba komai. Na huɗu haɗari, na rai da na aljihu da na doka. Na biyar ko za ka dawo da kifi. Lasisi kam duk hanyar da ka bi naka ne, jagora ba ya ɗauke maka shi a ruwan tafki, ana sayensa a intanet ko a Walmart ko shagon kayan su, in kai baƙo ne a jihar akwai na kwana ɗaya ko 'yan kwanaki wanda ya fi arha, kuma yawancin jihohi za su nemi lambar soshiyal ɗinka, wato Social Security.

Jagora

Kuɗin galibi yana kaiwa dala 300 zuwa 450 na rabin yini ga mutum biyu, cikakken yini kuma 450 zuwa 650, ya danganta da tafkin da sunan mutumin, in za a ƙara na uku sai a ƙara wani abu. Sannan akwai tukuici wanda a al'adar can kashi 15 zuwa 20 ne, kar ka ce ba ka sani ba, ka sa shi cikin lissafi tun farko. Za a nemi difozit, kuma ranakun ƙarshen mako na Maris da Afrilu a manyan tafkuna suna cikewa tun watanni kafin lokacin, wanda ya tashi nema a tsakiyar Maris sai dai ya samu Talata ko Laraba, wanda a gaskiya ma ya fi, ruwan ba cunkoso.

Me kake saya da wannan kuɗin? Jirgi da fetur da sanduna da zare da ƙugiya da ƙananan kifayen nan masu rai da ake kira mino da ake maƙala wa ƙugiya, da rigar ceto, kuma yawancinsu za su gyara maka kifin su zuba a leda. Amma babban abin da kake saya shi ne mutumin da jiya yana kan ruwan nan, shekaranjiya ma yana kai, ya san inda kifin ya kwana. Ran da iskar sanyi ta kore su daga gaɓa shi ya san wane tarin rassa ne a ƙafa 12 suka koma, wasu ma shi ya nutsar da rassan da hannunsa tun rani ya sa alama a GPS. Wannan ba abin da za ka koya a YouTube cikin dare ɗaya ba ne.

Inda mutane ke yin kuskure shi ne ba sa tambayar salon da jagoran yake kamu da shi, alhali salon ne zai nuna ko za ka ji daɗin ranar. Tun da kamfanin Garmin ya fito da LiveScope a 2018 yawancin jagorori sun koma kansa. Na'ura ce da ke nuna maka abin da ke gaban jirgi cikin ruwa kai tsaye a sikirin, sai ka ga kifi kamar ɗigon haske yana shawagi kusa da kututture, jagora ya matsa da jirgi a hankali da ƙaramin injin lantarki, ya ce sauke, ka miƙa doguwar sanda mai ƙafa 12 ko 14 ka saki jig, wato 'yar ƙugiya mai kan dalma da jelar roba, kana kallonta a sikirin tana sauka, ya ce tsaya nan, don dole ta tsaya sama da kifin kaɗan saboda kirafi sama yake kallo in zai ci, ba ya bin abu ƙasa. Sai ka ga ɗigon ya juyo, ya taso, sai ka ji ƙwal a hannunka. A nan kar ka fizga da ƙarfi, leɓensa siriri ne yana yagewa, ɗagawa kawai za ka yi. Wallahi abin akwai daɗi, kuma da shi ake zaɓar manya a bar ƙanana. Matsalarsa ita ce mutum ɗaya ne ko biyu ke kamu a lokaci guda a goshin jirgi, sauran suna zaune suna jira, kuma yana son nutsuwar hannu, yaro ɗan shekara 7 zai gaji cikin awa ɗaya.

Ɗaya salon shi ne a jera dogayen sanduna da yawa a gaban jirgi kamar ƙafafun gizo, ana tafiya a hankali, ko a ja jig da yawa a bayan jirgi, kowa na zaune a kujera yana kallon bakin sanda, wadda ta lanƙwasa a ɗaga. Wannan shi ya fi dacewa da iyali da dattijo da wanda bai taɓa riƙe sanda ba. Don haka kafin ka tura difozit ka tambaya: mu nawa jirgin ke ɗauka, awa nawa a kan ruwa, da wane salo, in iska ko hadari ya hana fita ana mayar da kuɗi ko ana sauya rana, yana da lasisin jagoranci da inshora, kuma zai koya maka ko kawai zai miƙo maka sanda in kifi ya kama. Wannan ta ƙarshen tana da muhimmanci a wurina, don akwai jagoran da burinsa kawai a cika adadi a ɗau hoto a koma gida ƙarfe 11, akwai kuma wanda zai nuna maka yadda ake ɗaure jig da dalilin da ya sa ya zaɓi wannan lungun ya bar wancan. Na biyun shi ne kuɗinka ke ɗorewa a wurinsa, ka fita da abin da za ka yi shekaru kana amfani da shi a gaɓa ko a kayak.

Abu biyu da suka shafe mu. Na ɗaya, ana tashi da sassafe, sau da yawa kafin rana ta fito, to ka yi sallar asuba ka kimtsa kafin haɗuwa a bakin ruwa, in cikakken yini ne kuma ka gaya masa tun farko za ka so a tsaya 'yan mintoci da azahar, ba sa ƙi. Na biyu, su al'adarsu yanke tsokar gefe biyu suke yi da wuƙar lantarki su zubar da kai da ƙashi, cikin daƙiƙa kaɗan an gama da kifi ɗaya. In kana son naka ɗungurungum don suya da yaji, faɗa masa kafin ya kunna wuƙar, wataƙila ya ce sai dai ka kankare da kanka a gida, ba laifi, ka zo da kula da ƙanƙara.

Haɗari a nan shi ne mafi ƙanƙanta a cikin duk hanyoyin da ake hawa ruwa. Na aljihu dai akwai, don ba jagoran kirki da zai yi maka alƙawarin kifi, ranar da ta ƙi ta ƙi.

Hayar jirgi

A takarda ta fi arha. Ƙaramin jirgin alminiyam mai ɗan inji za ka iya samu wajen dala 80 zuwa 150 a yini, babban mai faɗi da rumfa wanda iyali ke so 250 zuwa 400 ko fiye, ban da fetur, ban da kuɗin ajiya da za su riƙe a katinka saboda ɓarna. Sai ka sayi sanduna da mino da bokiti da kanka. In ka tara duka na babban jirgin ka kusa kuɗin jagora na rabin yini, kuma ba ka da wanda ya san ruwan.

Ga inda matsalar take. Tafkunan da suka yi suna da kirafi yawancinsu daji ne aka datse ruwa ya shanye, ƙasansu cike da kututture, abin da kifin ke so kenan kuma abin da ke karya farfelar inji kenan. Tafkin Reelfoot a arewa maso yammacin Tennessee, wanda girgizar ƙasar New Madrid ta 1811 zuwa 1812 ta haifar, ba shi da zurfi kuma ko'ina kututturen itatuwa ne a ƙarƙashin ruwa. Tafkin Grenada a Mississippi faffaɗa ne a buɗe, in iskar Maris ta taso igiyar ruwa na tashi da sauri ta fi ƙarfin ƙaramin jirgi. Kentucky Lake kuwa eka wajen 160,000 ne, ga manyan jiragen dakon kaya suna bin hanyarsu a ciki. Jirgin haya kuma da wuya ka same shi da na'urar gani mai kyau, wani ma ba ƙaramin injin lantarkin da ake tsayar da jirgi daidai kan rassa, sai ka wuni iska na tura ka kana jefa anka kana ɗagawa, kifin kuma hayaniya na korarsa a ruwa marar zurfi. Ga doka, a Texas misali duk wanda aka haifa daga 1 ga Satumba 1993 sai da shaidar koyon tuƙin jirgi kafin ya tuƙa inji mai ƙarfin doki sama da 15. Kuma ruwan bazara sanyi gare shi ko da rana ta buɗe, mutum ya faɗa ruwa mai digiri 55 numfashi ke fara sarƙe masa kafin ma a zo maganar iyo, balle da yawanmu ba mu iya iyon ba, wannan gaskiya ce da ya kamata mu riƙa faɗa wa juna. Bayan yinin ya wuce kuma ba abin da ya rage maka sai rasit.

Ba wai ba ta da amfani sam ba. Wanda ya taɓa fita da jagora a wannan tafkin, ya iya tuƙi, ko zai tafi da abokin da ya san ruwan, hayar ƙaramin jirgi a ranar da ba iska tana yi masa daidai. Wasu masaukai a Reelfoot ma suna haɗa ɗaki da jirgi da mino a farashi ɗaya, wanda ga ƙungiyar abokai da ke da gwani ɗaya a cikinsu yana da sauƙi sosai.

Kayak

Nan kuɗin a farko yake, daga wajen dala 300 na mai sauƙi har sama da 1,500 na masu feda, ga filafili da rigar ceto da abin ɗaura shi a kan mota. Amma sau ɗaya ne, robarsa na yin shekaru in ba ka bar shi cikin rana ba, ba fetur ba gyaran inji, don haka wajen ɗorewar kaya ba wanda ya kai shi. Kuma a makonnin saka ƙwai yana shiga lungunan da babban jirgi ba zai iya ba, shiru ba ƙara, ka zura jig kusa da gindin itace. Wahalarsa ajiya in kana zaune a afatmen, ɗagawa da saukewa, kuma mutum ɗaya yake ɗauka, ba na fita da iyali ba ne. Haɗarinsa kifewa cikin ruwan sanyi da jiragen masu gudu da ba sa ganinka. Wanda bai iya iyo ba ni ban ba shi shawarar ya fara da kayak a Maris ba ko da rigar ceto, ya bari ruwa ya yi ɗumi ya koya a ƙaramin tafki tukuna.

Bakin gaɓa

Wannan ita ce hanyar da ake rainawa, kuma a daidai makonni biyu ko uku da kifin ke gaɓa tana iya ba mai jirgi kunya. Sanda da abin naɗe zare mai sauƙi dala 30 zuwa 50, zare siriri mai ɗaukar fam 4 zuwa 6, fakitin jig masu nauyin 1/16 ko 1/32 na oza, ɗan roba mai iyo a saman ruwa da ke nutsewa in kifi ya ja, dozin biyu na mino da 'yan daloli, bokiti, shikenan, duka bai kai dala 100 ba kuma kayan za su yi maka shekaru. Ka nemi inda aka jera duwatsu a gefen dam ko ƙarƙashin gada, ko dakalin katako da aka shimfiɗa cikin ruwa, ko inda itace ya faɗa ruwa, ka sa mino ƙafa 2 ƙasa da robar ka ajiye daf da rassan, da sassafe ko gab da magariba. In minti 15 ta wuce shiru ka matsa gaba, kar ka kafe wuri ɗaya, kirafi a garke yake, in ka samu ɗaya akwai 'yan'uwansa a wurin.

Mutanen Texas suna da wata gata da da yawa ba su sani ba, a cikin wuraren shaƙatawa na jiha ana kamu daga gaɓa ko dakali ba tare da lasisi ba, kuɗin shiga kawai za ka biya, kamar Cedar Hill a bakin Joe Pool kusa da Dallas, ko Ray Roberts, ko Lake Livingston ga na Houston, kuma yaro ƙasa da shekara 17 dama ba ya buƙatar lasisi a jihar. A Texas da Oklahoma akwai kuma rumfunan kamu da aka gina a kan ruwa, an nutsar da rassa a ƙarƙashinsu, ka biya kuɗi kaɗan ka zauna a inuwa, ga mata da yara da tsofaffi wannan ya fi komai sauƙi.

Rauninta a fili yake, kifin ne ke zuwa wurinka, kai ba ka iya binsa. In ka zo da wuri da mako ɗaya, ko ka makara, ko iskar sanyi ta riga ka, za ka iya komawa hannu rabbana. Saboda haka ta fi dacewa da wanda tafkin ke kusa da gidansa, zai iya leƙawa bayan aiki sau da yawa har ya dace, ba wanda zai tuƙa awa biyar ya kama otal ba. Haɗarinta santsin duwatsu, kaska a cikin ciyawa, da macizan ruwa masu dafi a jihohin kudu, sa takalmi rufaffe ka duba inda kake taka, yara kuma a sa musu rigar ceto ko a kan dakali ne.

| Hanya | Kuɗi a dala | Sauƙi ga sabo | Abin da ke ɗorewa | Haɗari | Samun kifi |
|---|---|---|---|---|---|
| Jagora | 300 zuwa 650 ga mutum 2, da tukuici | Sosai | Ilimi, in ya koya maka | Kaɗan | Ya fi tabbas |
| Hayar jirgi | 80 zuwa 400, da fetur da ajiya | Da wuya | Kusan babu | Mai yawa | Sai ka san ruwan |
| Kayak | 300 zuwa 1,500 sau ɗaya | Tsaka-tsaki | Kaya na shekaru | Mai yawa a ruwan sanyi | Mai kyau lokacin ƙwai |
| Gaɓa | Ƙasa da 100 | Sosai | Kaya na shekaru | Kaɗan | Sai an dace da lokaci |

Wane tafki, in ka zaɓi jagora

In manya kake so, arewacin Mississippi ne, tafkuna huɗu da injiniyoyin sojan Amurka suka gina don tare ambaliya a gefen babbar hanyar I-55, wato Arkabutla da Sardis da Enid da Grenada. Grenada kamar awa ɗaya da rabi ne daga Memphis, an san shi da kifi mai fam 3, amma dokarsu da tsauri, sai wanda ya wuce inci 12 ake riƙewa kuma adadin da aka yarda ka ɗauka a yini bai kai na maƙwabta ba, don haka wurin neman babba ne, ba wurin cika firiza ba. In yawa kake so, Texas a yawancin tafkunanta ta yarda da 25 a yini masu aƙalla inci 10, Lake Fork na gabas da Dallas kamar awa ɗaya da rabi, Sam Rayburn da Toledo Bend kuma ta gabashin jihar. Na Atlanta suna da Weiss a Alabama a kan kogin Coosa, ƙasa da awa biyu, inci 10 ne shi ma. Waɗannan lambobin ana sauya su, duba shafin hukumar kifi ta jihar a satin da za ka tafi, don jami'an gandun ruwa suna tsayar da mutane su buɗe kula su auna ɗaya bayan ɗaya, kifi ɗaya gajere tara ce, kuma ba wanda ke son sunansa a takardar kotu saboda rabin inci. Sannan kar ka yarda ka sayar ko da ɗan'uwa ya roƙa, a yawancin jihohi doka ta hana cinikin kirafin da aka kama, shi ya sa ma ba ka ganinsa a kanti, kyauta dai ba laifi.

To wa ya kamata ya ɗauki wanne

In wannan ne karonka na farko kuma tafiya za ka yi mai nisa, rana ɗaya ce gare ka, biya jagora, ku haɗa kai ku biyu ku raba kuɗin, rabin yini ya isa, ka zaɓi ranar tsakiyar mako kuma ka gaya masa koyo ka zo yi. In da yara ƙanana za ka fita ko da mahaifi da ya zo ziyara daga gida, ko dai jagora mai faffaɗan jirgi da ke jera sanduna, ko rumfar kamu, kar ka kai su wurin mai LiveScope su wuni suna kallon bayanka. In aljihu ba nauyi kuma akwai tafki minti 30 daga gida, sayi sanda ɗaya ka riƙa zuwa gaɓa daga lokacin da ruwa ya kai digiri 58 zuwa 60, masu shagon mino za su gaya maka ko kifin ya shigo, tambayarsu kyauta ce. In kai mai son kaɗaici ne, ka iya iyo, kana da gareji kuma kana ganin za ka riƙa fita duk shekara, kayak zai mayar maka da kuɗinsa, amma ko kai ɗin ka fita da jagora sau ɗaya a tafkin da za ka riƙa zuwa. Hayar jirgi ka bar wa ranar da ka riga ka san tafkin ko kana tare da wanda ya sani, kuma ko a ranar ka duba hasashen iska da hadari kafin ka biya, don Maris zuwa Mayu shi ne lokacin guguwa a Mississippi da Alabama da Tennessee. Wanda kuma kifin ci kawai yake nema don miya, ba fitar ba, kantin 'yan Asiya ko na 'yan Afirka da ke unguwarsu ya fi masa arha nesa ba kusa ba, kirafi ma namansa saurin dagargajewa yake a romo, suya ta fi karɓarsa.